Turken Motar Makaranta

Makonni mutanen layin ƙarshe suka yi suna zagin gwamnati a kan laifin da ba ta ma san an yi ba. Ranar da aka koma makaranta suka wayi gari suka tarar turken mota ya bar bakin layinsu ya koma can ƙarshensa, a tsaye ƙyam, an danne gindinsa da duwatsu, har allonsa an goge. Da sun yi tunani kaɗan, da kyawun aikin kaɗai ya isa ya nuna musu ba na ma'aikata ba ne.

Turken wani dogon ƙarfe ne mai shuɗin allo da hoton mota. Lokacin da gwamnati ta fito da tsarin kai yaran nesa makaranta kyauta, ta turo masu awo suka gwada tazara daga ƙofar makaranta, inda awon ya cika suka kafa shi. Dokar ba ta da wuyar ganewa: gidan da ke bayan turke, yaransa su hau mota, gidan da ke tsakanin turke da makaranta, yaransa su taka sayyadarsu. Da turken ya matsa, sai layi guda cur ya faɗa cikin masu tafiyar ƙasa. Direba kuwa ba ya jin magiya, turke kawai ya sani.

Ana nan ana gunaguni har ranar da 'yar Mai-Wanki, yarinya mai ciwon sikila, ta yanke jiki ta faɗi a hanyar dawowa, aka kawo ta gida a goye. Washegari Shugaban Iyaye ya sa babbar riga ya tafi ofishin ilimi da niyyar yin faɗa. Ya dawo jikinsa a sanyaye, tare da wata ma'aikaciya mai gilashi da kowa ya riƙa kira Ta-Ofis.

"Mu ba mu taɓa turke ba," in ji ta, tana tsaye a bakin tsohon ramin, jama'a sun yi mata zobe. "A cikinku wani ya tumɓuke shi."

"To a mayar mana da shi mana, Hajiya!" wani ya faɗa daga baya.

"In na mayar yau, gobe wani ya ɗauka ya kai ƙofar ɗakinsa. Ku fito min da wanda ya yi kafin taron Juma'a. In ba haka ba, za a janye motar daga unguwar nan gaba ɗaya."

Nan take kowa ya fara kallon maƙwabcinsa ta gefen ido. Sai Shugaban Iyaye ya ce a kira Baba Mai-Sawu.

*

Baba Mai-Sawu ya daɗe bai yi aiki ba. A da, in aka sace akuya ko saniya, shi ake tasowa ya bi ƙasa har ƙofar ɓarawo. Amma kwalta da siminti sun cinye masa sana'a, yanzu sai dai ya zauna a inuwa yana karanta ƙafafun masu wucewa don kada ido ya manta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza sun watsu neman abinci. Wadda ta rage kusa da shi ita ce Auta, tela ce, shagonta na bakin 'yar kasuwar da ke kan hanyar ƙafa zuwa makaranta.

Bai so zuwa layin ƙarshe ba, kuma kowa ya san dalili. Gidan da ya rufe layin na tsohuwar surukar Auta ne. Da auren ya mutu, mijin ya tafi aiki wata ƙasa ya bar wa uwarsa ɗansu, ita kuwa ta ja ƙofa ta rufe. Yaron shi ne jikan da Baba Mai-Sawu yake kira Abokina, wanda a da yake hawa wuyansa yana ja masa gemu. Rabonsa da ya riƙe hannun yaron har ya daina lissafi, don lissafin ba ya ƙara masa komai sai ciwo.

Ya zo da sandarsa, ya kori jama'a baya, ya tsuguna a bakin ramin. Ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sunsuna.

"Bayan ruwan ƙarshe aka cire shi," ya ce. "A lokacin ƙasa na da laushi. Kuma ba a ɗauke shi a ka ba, a baro aka tura."

"Mutum nawa?" Shugaban Iyaye ya tambaya.

"Mutum nawa kake so? Bari ƙasa ta gama magana tukun."

Bakin layin ya riga ya lalace da ƙafafun mutane da tayoyin babura. Amma wanda zai tura turke a ɓoye ba zai bi ta gaban gidaje ba. Akwai wani siririn lungu a bayan katangu, inda ruwan wanka ke bi, ba mai shiga sai kaji. Can tsohon ya nufa. Taɓon wurin ya bushe ya yi tauri, irin wanda ke riƙe sawu wata da watanni. Ya ga sawun kaji, ya ga na kyanwa. Na mutum kuwa babu, na baro ma babu, sai wani ɗan guntun layi a gindin bango inda tayar ta goce.

Ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin. An share sawun ne, wannan ba shakka. Amma mai shara yakan bar zanen tsintsiya, nan kuwa ko zane ɗaya babu. Wani abu ya ɗan taɓa masa zuciya, ya yi maza ya kawar da shi, ya fito ya ce a nuna masa masu baro da masu babur.

*

Duk unguwar ta riga ta yanke hukunci a kan masu babur. Tun da mota ta zo suka rasa kwastomomin safe, da turke ya matsa kuma suka dawo suna jigilar yaran masu hali. Shugabansu wani siririn saurayi ne da ake kira Ba-Burki. Baba Mai-Sawu ya same shi a ƙarƙashin bishiya yana goge madubi.

"Baba, in ka zo kama ni ne, bari in gama cin ribar tukun," in ji Ba-Burki yana dariya.

"Ka ci riba ke nan."

"Na ci, wallahi, ba zan yi maka ƙarya ba. Wanda ya yi aikin nan, Allah ya biya shi. Amma dubi hannuna. Ni da ko galan ɗin mai sai na nemi mai ɗaga min, ni zan tumɓuke ƙarfe?"

"Yaranka fa?"

"Yarana in sun yi abu, kafin la'asar duk gari ya ji. Cikinsu ba ya riƙe ko ruwa."

Tsohon dai ƙafafun masu babur ɗin yake kallo. Duk wanda ya saba da giyar babur, takalminsa na hagu yakan cinye a sama, kuma in ya sauka yana tafiya a buɗe kamar har yanzu injin na tsakanin cinyoyinsa. Irin waɗannan in sun so ɓoye sawu, da ƙafa za su tattake shi su yi gaba. Haƙurin da ya gani a lungun nan ba nasu ba ne.

Daga nan ya wuce wurin Mai-Tireda, wanda shagonsa ke kan hanyar ƙafa. Shi ma ya samu, don yaran da ke tafiya ƙasa ba sa wuce alewa da biskit. Ga baro kuma jingine a bayan shagon. Baba Mai-Sawu ya juya tayar a hankali, ya ga wani tsagi a robar, daidai da wanda ya gani a gindin bango. Ya kankare bakin baron da farce, sai ga ɓurɓushin shuɗin fenti.

Mai-Tireda ya yi tsuru-tsuru, gumi ya keto masa.

"Baba, ka rufa min asiri! Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban san komai ba. Baron nan na kowa ne. A waje yake kwana, ko sarƙa ba na sa masa. Masu gini su ɗauka, masu kwashe shara su ɗauka, jiya ma wata ta kai mijinta asibiti a ciki."

"Ranar da aka yi ruwan ƙarshe wa ya ɗauka?"

"Ban sani ba. Abin da na sani, na fito da safe na tarar an wanke shi tas, har an sa wa tayar mai. Na ce Allah ya yi wa mai wannan hali albarka."

Baba Mai-Sawu ya dube shi daga sama har ƙasa. Mutum ne mai ƙiba, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, ba zai ma shiga lungun nan ba sai a kaikaice. Ya bar shi yana ta rantse-rantse. Abin da ya tafi da shi a rai shi ne wankin baron. Ɓarawon da ke wanke kayan aro ya mayar, a gida aka koya masa.

*

Da yamma ya koma lungun shi kaɗai. Ya kwanta rub da ciki, kuncinsa a ƙasa, ya kalli wurin ta inda hasken rana ke kwanciya a kai. Sai ya ga abin da yake tsoron gani. An share sawun da tsintsiya, sannan aka ɗebo busasshen yashi a rariya aka riƙa yaryaɗa shi daga sama ana ja da baya, har zanen tsintsiyar ya ɓace. Dabarar ubansa ce, wanda ya ce mai bin sawu sai ya san yadda ake ɓatar da shi. A duniya mutum ɗaya ya taɓa koya wa, da wasa, a tsakar gida, lokacin tana ƙarama tana ɓoye masa hula ta ce ya nemo.

"Wani ma zai iya ganowa da kansa," ya faɗa a fili, ba kowa a wurin sai kaji.

Ya tashi ya ci gaba da bin lungun har bayan gidan ƙarshe. A nan, a gindin katanga, mai sharar ya manta da wuri ɗaya. Sawu ne guda biyu a busasshen taɓo, ba takalmi, ba dunduniya, yatsu kawai, sun nutse sosai. Wani ya yi ɗage a nan ya daɗe a tsaye yana leƙen cikin gidan. A ƙafar dama, yatsa na biyu ya hau kan babban yatsa. Haka ƙafar matarsa take. Haka kuma ya gani a ƙafar wata jaririya ranar da ungozoma ta miƙo masa ita a zane.

Ya jingine sandarsa, ya kama bakin katangar, ya yi ɗage shi ma. Tsakar gida ce shararriya. A kan igiya an shanya 'yar rigar makaranta da gajeren wando, ga wani garen wasa na ƙarfen keke jingine da turmi. Yaron ba ya nan. Duk da haka tsohon bai sauko ba sai da ƙafafunsa suka gaji. Da ya sauko ya ga nasa yatsun a ƙurar da ke gefen nata, bai share ba.

*

Bai je wurin Auta a ranar ba. Da safe ya tafi 'yar kasuwa ya zauna a bencin mai gyaran rediyo, inda ake hango shagon Auta. Ta riga ta buɗe, ta yayyafa ruwa a ƙofa, ta fito da kujera, amma keken ɗinkin a rufe yake. Hanya kawai take kallo.

Can sai ga yaran layin ƙarshe sun ɓullo, jakunkuna a baya, ƙafafu sun yi futu-futu. Ɗaya ya ware daga cikinsu da gudu ya faɗa jikinta. Ta durƙusa ta goge masa fuska da gefen mayafi, ta gyara masa wuyan riga, ta duba maɓallan ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai neman tsinkewa. Ba wanda ke neman tsinkewa, amma sai da ta ɗauko allura ta ƙara wa na sama zare, yaron na tsaye yana zuba mata surutu. Ya yi tsawo. Haƙoransa na gaba sun fita, wasu sun fara tsirowa, duk ba a gaban kakansa ba.

Yaron ne ya hango shi.

"Abokina! Kai ne ka tsufa haka?"

"Kai ne dai ka tsufa, ga shi ba ka da haƙori. Wace yarinya za ta aure ka?"

Yaron ya zo ya kama gemun ya ja, kamar jiya suka rabu. Tsohon ya riƙe ɗan hannun, bai so saki ba, sai da 'yan uwan tafiyar suka yi ta kira. Tsohon da Auta suka bi yaron da ido har kwana ta ɓoye shi.

Sannan ta ce, "Baba, ina kwana. Shigo ka zauna."

Ya shiga. Shagon na ƙamshin sabon yadi da man keke. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya sa ido a kan ƙafarta ta dama. Ta ja ta ta ɓoye a ƙarƙashin keken.

"Kin bar sawu biyu a bayan katanga," ya ce.

Ta sunkuyar da kai. Sai hawaye, ba kuka, suna sauka kawai.

"Na san na bari. Na ga rigarsa a igiya, hankalina ya tafi. Da na tuna gari ya riga ya waye." Ta share fuska. "Baba, kafin motar nan kullum ta nan yake wucewa. Ban taɓa roƙon kowa komai ba, wannan ɗin ya ishe ni. Rana ɗaya aka zo aka kafa ƙarfe, shi ke nan. Motar ta bayan kasuwa take bi, ta kwalta. Na je na tsaya a bakin titi ya fi a ƙirga, gilashi ne kawai ke wucewa da kawuna, ban san wanne ne nawa ba. Shekara guda, Baba."

"'Yar Mai-Wanki fa?"

"Wallahi ban tuna da ita ba. Ban tuna da kowa ba. Tun ranar da ta faɗi ban yi barcin kirki ba. Kullum sai in ce gobe zan mayar, goben ta yi sai in ji muryarsa daga kwana." Ta ɗago ta dube shi. "Za ka faɗa?"

Tambayar da ya kwana da ita ke nan. In ya yi shiru, yaran unguwa duka za su rasa mota, Mai-Tireda kuma ya mutu da sunan ɓarawo, don maganar baro ta riga ta zaga. In ya faɗa, ya tona 'yarsa a gaban matar da ta raba ta da ɗanta, kuma da bakinsa ya rufe hanyar da shi ma yau ya samu ya taɓa jikansa.

"Ban taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba, Auta," ya ce a hankali. "Amma ban taɓa jin ina so in yi ba sai yau."

Ya tashi ya fita.

*

Ranar Juma'a aka taru a aji mafi girma na makarantar. Manya suka matsu a bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Ta-Ofis na zaune a teburin malami, Shugaban Iyaye a gefenta. An zaunar da Ba-Burki da Mai-Tireda da Direba a gaba kamar masu jiran bulala. Mai-Wanki na jikin taga, hannayenta fari fat da sabulu. Tsohuwar surukar Auta ta zo da kujerarta daga gida, ta haɗe rai. Auta na can baya, kusa da ƙofa.

Baba Mai-Sawu ya miƙe ya dogara sanda.

"Direba ba ruwansa. An ce yana so ya rage yara ne ya huta, to albashinsa ɗaya ne ko ya ɗauki yaro ko ya ɗauki iska. Ba-Burki ya ci riba, amma cin riba ba sata ba ne, in ba haka ba da rabin ɗakin nan na gidan yari."

Aka yi 'yar dariya.

"Baron Mai-Tireda ne aka yi aikin da shi. Laifinsa ɗaya, ba ya ɗaure kayansa. Ku daina ƙaurace wa shagonsa."

Mai-Tireda ya fashe da kuka kamar yaro, Ba-Burki na bubbuga masa baya.

"To wane ne?" Ta-Ofis ta tambaya.

"Duk mun yi ta neman wanda ya samu kuɗi ne," in ji tsohon. "Wanda ya yi wannan ko sisi bai samu ba. Mutum ɗaya ne, ba ƙarfi gare shi ba, ya huta a hanya ya fi sau nawa. Ba turken ne ya dame shi ba, hanyar ƙafa yake so a dawo bi."

Ya tsaya. Mutumin da ya nuna ɓarayi da sanda a gaban iyayensu ba tare da ya ƙifta ido ba, yau ya rasa inda zai sa idonsa sai kan siminti, inda ba abin karantawa.

"Sawun," ya ce da ƙyar, "na gidana ne."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce, "Kai da kanka, Baba?" Kafin ya amsa aka ji benci ya motsa a baya.

"Ba shi ba ne. Ni ce." Auta na tsaye, ta riƙe bakin ƙofa. "Baba, zauna, kada ka ɗauki kayan da ba naka ba. Ni na tumɓuke shi, ni na tura shi, ni kaɗai. Ɗana nake so in riƙa gani yana wucewa."

Kowa ya juya ya dube ta. Babu wanda ya taɓa kawo ta a rai, don wa zai ce uwa za ta sauke ɗanta daga mota ta sa shi tafiyar ƙasa? Matan da ke wurin suka fara sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar suruka ce ta fara magana. "Kun gani ko? Kun ga irin hankalin da ake cewa in ba wa yaro?"

Ta-Ofis ta cire gilashinta ta goge, ta daɗe tana gogewa. "A doka, wannan maganar 'yan sanda ce," ta ce. "Amma ba ni aka cuta ba. Ina uwar yarinyar da ta faɗi?"

Mai-Wanki ta juyo daga taga. Ta dubi Auta, ba fushi a fuskarta, ba kuma sassauci.

"Ni ma uwa ce, na san abin da ke cin ki. Amma tawa a goye aka kawo min ita, idonta a kafe. Ba na son ɗan sanda. Ta mayar da shi inda ta ɗauko, da hannunta, da rana tsaka, kowa na gani. Litinin 'yata ta hau mota."

"Na yarda," in ji Auta.

Jama'a suka fara miƙewa. Sai Baba Mai-Sawu ya yi abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba tun ranar da aka kawo wa 'yarsa takardar saki. Ya taka har gaban tsohuwar, ya cire hula, ya rusuna da tsofaffin gwiwoyinsa.

"Hajiya, ni da ke jika ɗaya gare mu a nan. Ko yini ɗaya a mako. Ko rabin yini. Ni zan zo in ɗauke shi, ni zan dawo da shi."

Ta kawar da kai, ta gyara mayafi. Ya dubi fuskarta, ya gane ita ma tsoro take ji, kada yaron ya tafi ya ƙi dawowa ta rasa ɗa ta rasa jika.

"Amana aka bar min," ta ce. "Sai ubansa ya dawo."

"Yaushe zai dawo?"

Ita ma ba ta sani ba. Ta sa aka ɗaukar mata kujera ta fita.

*

Ranar Asabar Auta ta tura turken a baro ta tsakiyar layi, rana na dukanta, mutane na tsaye a ƙofofinsu. Ba wanda ya yi mata dariya. Da ta gaji a tsakiya Ba-Burki ya taso zai kama mata, ta ce ya bari. Litinin da safe mota ta tsaya a bakin layin ƙarshe, 'yar Mai-Wanki ta hau, sauran yaran suka bi ta suna ihun murna, har da mai giɓin haƙora. Motar ta juya ta bi kwalta ta bayan kasuwa.

Baba Mai-Sawu ya gangara ta hanyar ƙafa, wadda ta koma shiru. Auta na zaune a ƙofar shago, ba ta ɗinki. A gabanta, ɗan nesa da dakali, an kife wata tsohuwar roba ta wanki, an ɗora mata dutse.

Bai tambaya ba. Haka masu sana'arsa ke yi in sun samu sawu mai daraja, su kife masa wani abu don kada iska ko akuya su ɓata shi kafin mai kaya ya iso. Ya tsuguna, ya ɗauke dutsen, ya ɗaga robar. Sawun ɗan takalmi ne na ranar Juma'a, a ƙasar da ta yayyafa wa ruwa. Gaban ya nutse fiye da baya, alamar mai shi da gudu ya zo, kuma ƙofar shagon ya fuskanta.

Suka daɗe suna kallo, shi a tsugune, ita a zaune.

"Baba, rufe," ta ce. "Iska na tasowa."

Ya mayar da robar a hankali, ya danna gefenta cikin ƙasa, ya ɗora dutsen, ya nemo wani ya ƙara. Da ya ɗago ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, irin wanda ba ya wucewa bai zuba ba. Ita ba ta gani ba, hanya take kallo. Ya jawo benci ya zauna kusa da ita, bai nuna mata hadarin ba.